Wane suna za mu ba aquifer da Hausa?

Ɗalibar digiri na biyu: Assalamu alaikum malamaina. A karatun injiniyancin albarkatun ruwa kusan kowane darasi sai an ambaci aquifer, wato sashen ƙarƙashin ƙasa da rijiya da burtsatse ke samun ruwa daga gare shi, amma in za a yi wa masu unguwa bayanin inda ya kamata a haƙa burtsatse sai a rasa abin kiransa. Wasu na cewa "tafkin ƙarƙashin ƙasa". Ya yi?

Injiniyan burtsatse: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Bai yi ba. Tafki na sa mai gida ya ɗauka akwai wani kogo cike da ruwa, ko'ina aka huda za a same shi. Alhali ruwan yana cikin 'yan kafofin da ke tsakanin yashi da tsakuwa, ko cikin tsagar dutse. Mahaƙan rijiya suna da tasu kalmar, "jijiyar ruwa", kuma ta dace da Kano da Zariya da Kaduna, inda dutse ne a ƙasa: ruwa sai a ruɓaɓɓen dutsen sama ko a tsaga. Shi ya sa za ki ga burtsatse biyu dab da juna, ɗaya na ambaliya, ɗaya ƙura kawai ta fito.

Mai nazarin ƙasa: Me zai hana mu ce "rumbun ruwa"?

Malamin jami'a: Rumbu yana nuna ajiya kaɗai, kuma nan matsalar take. Yumɓu ya fi yashi riƙe ruwa, wani lokaci kusan rabin jikinsa ruwa ne, amma ba ya sakinsa. Duk wanda ya sanya rariyar bututun burtsatse daidai yumɓu ya yi asarar kuɗi. Sharaɗi biyu ne: ya riƙe, ya kuma bayar.

Ita ma jijiya, Injiniya, ba ta game Barno ba. A kwarin Tafkin Chadi yashin shimfiɗe yake hawa uku, da yumɓu mai kauri tsakani. Hawa na tsakiya a Maiduguri ya haura mita 250 zurfi, kuma matsin da ke kansa ne ya sa burtsatsen shekarun 1960 suke tunkuɗo ruwa ba famfo. Da yawa an bar su suna kwarara, matsin ya yi ta raguwa. Haka yashin Gwandu yake a yankin Sakkwato da Kabi. Ni dai shawarata "shimfiɗa mai ba da ruwa", a taƙaice "shimfiɗar ruwa". Wadda yumɓu ya danne a ce "rufaffiya", wadda ruwan sama ke ratsawa kai tsaye a ce "buɗaɗɗiya".

Injiniyan burtsatse: Na yarda, Malam, amma a bar mana jijiya don ƙasar dutse. Rabon nan na rufaffiya da buɗaɗɗiya zai yi amfani wajen gwajin famfo. A auna inda ruwa ya tsaya kafin a kunna, a ja shi da ƙarfi ɗaya ba canji, ana auna saukarsa duk minti a farko, sannan a riƙa buɗa tazara. Rufaffiya awa 24 kan wadatar, buɗaɗɗiya tana son 72, don ruwanta a hankali yake tsiyayowa. In an kashe kuma a auna dawowarsa. Ruwan da ake fitarwa a kai shi nesa da bakin rijiyar, in ba haka ba ya koma ciki ya ɓata lissafin.

Ɗalibar digiri na biyu: Na gode, Allah Ya ƙara ilimi. To yumɓun da ke raba su fa?

Malamin jami'a: Ki ce "shimfiɗa mai tare ruwa". In tana ɗan yoyo, "mai tsiyaya".