Maƙwabcina zai sayar da Mustang ɗinsa, waɗanda suka taɓa irin wannan ciniki ku ba ni labari

Na Dopemu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara 6 ke nan muna katanga ɗaya da wani Bayarabe a nan Agege, mutumin kirki, ko da wasa ba mu taɓa sa-in-sa ba. Yana da Ford Mustang ja mai ƙofa biyu, ƙirar 2015, mai silinda 6. Yanzu ya samu biza zai koma Kanada da iyalinsa, kuma kafin ya kai wa dillalai ni ya fara yi wa tayi, don ya sha kama ni ina leƙenta in yana wankewa. Kuɗin da ya faɗa bai kai na kasuwa ba. Amma sai na sayar da Corolla ɗina na yi ciko da wani abu daga jarin shagona na Computer Village. Ina da mata da yara 3. Ba wa'azi nake nema ba, wanda ya taɓa sayen motar maƙwabci ko ya taɓa riƙe irin wannan motar a Legas ya faɗa min abin da ya gani da idonsa.

Bakaniken Mushin:
Wa alaikumus salam. Malam, sama da shekara 20 ina ƙarƙashin mota, garejinmu ba nisa da Ladipo, kasuwar kayan gyaran mota. Ka ce shekara 6 kuna tare, to shekarun da ta yi a Amurka fa? Galibin irin waɗannan motocin daga gwanjon motocin haɗari ake kwaso su, a sauke a tashar jirgin ruwa ta Tin Can, mai gyaran bodi ya buga, mai fenti ya fesa, ta fito kamar amarya. Shi kansa maƙwabcin naka mai yiwuwa bai san abin da ya same ta a can ba.

Akwai lambar bodi a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, haruffa da lambobi 17. Ka kwafe ta ka sa a intanet. Sau da yawa har hoton motar a filin gwanjo zai fito maka. In duka ne a baya ko a gefe, da sauƙi. In ruwa ne ya ci ta, ka gudu. Bayan guguwar da ta cinye Houston a 2017 mun ga motocin ruwa har mun gaji. Wata da aka kawo min fes take a ido, da na ɗaga kafet sai ga busasshen taɓo, na ja bel ɗin kujera har ƙarshe sai ga shaidar inda ruwa ya tsaya. Irin wannan ba ta mutuwa gaba ɗaya, yau gilas ya ƙi sauka, gobe giya ta ƙi shiga, jibi ƙwaƙwalwar motar ta ɗauke.

Ka ce masa da asuba za ka zo, kada ya tayar da ita kafin ka iso. Inji mai sanyi ba ya ɓoye ciwonsa. A ɗaga ta a duba salansa, a ga ko abin nan mai tace hayaƙi da muke kira indomi yana nan, don ana yawan sace shi a gareji ba tare da mai mota ya sani ba. Injin kam ban damu da shi ba, danginsu ɗaya da na Ford Edge, ana samun wasu kayansa. Inda za ka yi kuka shi ne bamba da fitila da gilashin ƙofa. Ɗan danfo, wato direban bas ɗin haya, ya goge maka fitilar baya a Oshodi, ka zaga Ladipo kwana 2 ba ka samu ba, sai oda daga waje, da dala.

Mai Goro Idi-Araba:
Ni ba motar ce ta fi ƙona min rai ba, zumuncin da ta kashe ne. Na sayi wata mai ƙofa biyu 'yar Jamus a hannun maƙwabcina, ɗan Arewa ɗan uwana, sahu ɗaya muke tsayawa a masallaci. Kunya ta hana ni kai ta wajen bakanike. Ya ce "Alhaji, in da matsala ai da na faɗa maka," ni kuma na ga in na ce sai an duba kamar na ƙaryata shi ne. Na biya.

Sati 3 ta fara zafi a gosulo. Da aka sa mata na'ura, mai dubawa ya ce an goge fitilar gargaɗi kwanan nan, kuma an zuba wani gari a lagireto don toshe yoyo. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, wannan gaskiya ne, amma sai in ya ga dama zai nuna maka. Na same shi, ya ce shi lafiya lau ya ba ni, tuƙina ne. Daga nan gaisuwa ta koma ɗaga hannu, matanmu suka daina aika wa juna abinci, yarana suka daina shiga gidansa. Sai da liman ya zaunar da mu ya yi masa bayanin cewa ɓoye aibin kaya haramun ne, ya mayar min da wani abu. Kuɗi sun dawo rabi, zama bai dawo ba. Da baƙo ne a kasuwar motoci ta Berger ya yi min haka, in zage shi a raina in wuce. Wannan kuwa kullum sai na gan shi.

Ɗan Mile 12:
Alhaji Mai Goro, ai shi nasa maƙwabcin Kanada zai tafi, ko gaisuwar ma ba za a samu a yanke ba.

Maman Khalifa:
Malam Na Dopemu, ka ce yara 3. Ina za ka sa su? Maigidana ya taɓa yi mana wannan, ya sayar da motar gida ya kawo mai ƙofa biyu. Kujerun baya guda 2 ne kacal, kuma sai an kwantar da ta gaba kafin mutum ya cusa kansa. Ina da tsohon ciki a lokacin, shiga da fita kamar mai sauka rijiya. Ranar da surukata ta zo daga Katsina muka je ɗaukarta a tasha, tsohuwa ta leƙa ta ce ita ba za ta shiga akwati ba tun da ranta. Tasi muka ɗaukar mata, mu muka bi ta a baya. Buhun shinkafa da jarkar manja kuwa sai dai a ba keke.

Da Sallah ta zo ya ce da ita za mu je gida, tafiyar sama da kilomita 1,000. Tun kafin Ilorin mun tsaya a shinge ya fi a ƙirga. Da masu kaki sun hango ta sai su ɗaga hannu, a ganinsu duk mai irin wannan motar ɗan yahoo ne. Bayan Jebba rami ya fasa mana taya, masu faci duk suka ce ba su da irin girmanta. A Mokwa muka kwana. Ka tambayi uwargidanka tukuna, ita za ta fi ka zama da abin.

Canji Broad Street:
To bari in kawo nawa, don kada a ce duk wanda ya saya ya yi nadama. Ni na sayi irin wannan Mustang ɗin a hannun maƙwabcina a 2021, har yau tana nan, ban taɓa buɗe inji ba. Amfanin sayen na maƙwabci shi ne na ga yadda yake riƙonta. Na san ranar da yake juyen baƙin mai, na san bakanikensa, na san ba ya ba yara. Wannan sanin ba ka samunsa a wajen dillali ko nawa za ka biya. Kuma na kai ta an duba, a gabansa, bai ji haushi ba.

Amma ban sayar da motata ta yau da kullum ba. Ita wannan ta Lahadi ce. Da sassafe kafin gari ya tashi in hau gadar Third Mainland, kilomita 11.8 ba danfo ba ɗan acaba, ruwa ta ko'ina, wallahi a wannan 'yan mintuna nake fanshe kuɗina. Ranar Litinin kuwa a gadar nan za ka ga mai ƙarfin doki 300 a inji yana bin bayan mai tallan gala, kuma mai tallan ya wuce shi.

Mai ma ka yi lissafi. Tankinta kusan lita 60 ne. Lokacin da na saya, da kusan dubu goma nake cika shi. Bayan an cire tallafi ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024, a lokacin cika tanki ya wuce dubu 60. In kullum za ka riƙa zirga-zirga daga Agege zuwa Ikeja da ita cikin cunkoso da sanyi a kunne, ribar shagonka gidan mai za ta riƙa tafiya. Da damina kuma ajiye ta nake yi daga Yuni har ruwa ya lafa. Wani abokina a Lekki ya kutsa da tasa cikin ruwan da Hilux ta wuce lafiya, inji ya shaƙi ruwa, sandar fistin ta lanƙwashe. Motar ƙasa-ƙasa ce, hancinta a ƙasa yake.

Maman Khalifa:
Alhaji, kai ai mota biyu ce da kai. Shi ɗaya zai sayar ya sayi ɗaya.

Canji Broad Street:
Haka ne Hajiya, shi ya sa na faɗa.

Dillalin Berger:
Kowa ya yi maganar ƙarfe, ba wanda ya taɓo takarda. Mutum zai bar ƙasa, to duk abin da za a sa wa hannu a sa kafin jirginsa ya tashi: takardar ciniki da shaidu, canjin mallaka, asalin takardar mallaka, da takardun kwastam na shigowa. Kada ka karɓi kwafi, kuma ka je ofishin kwastam da kanka a tabbatar an biya kuɗin fito daidai. Na taɓa sayar wa wani yaro mota da na karɓa a hannun mai tafiya waje. Bayan wata 5 aka tare shi a hanya, aka gano wanda ya fitar da ita daga tashar jirgin ruwa ya rage shekarunta a takarda don ya biya kaɗan. Mai motar na farko yana Ingila, ba ya ɗaga waya. Ni na ciro daga aljihuna, don ni yaron ya sani. Ka kuma bincika ko ya ci bashin banki ko na kamfani da ita, masu tafiya kan bar irin wannan a baya.

Sannan ka sani Corolla kuɗi ce a ajiye. Yau ka ce za ka sayar, kafin la'asar an biya ka. Mai ƙofa biyu sai mai sonta ya zo, kuma masu sonta galibi samari ne da ba su da kuɗinta. Akwai wadda ta yi wata 8 a filinmu har tayoyinta suka sace. Shi ya sa ya yi maka araha, ya san in ya kawo mana ƙasa da haka za mu taya. Ba cuta ba ce, sauri yake yi. Kai ma kada ka ji nauyin ragewa.

Baba Alaba Rago:
Yarona, in za a yi biya kashi-kashi a rubuta, da shaidu biyu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka. Ni raguna nake sayarwa, kuma wanda ya fi cinye min kuɗi ba baƙo ba ne. Jarin shago kuma ba a taɓa shi don abin hawa.

Na Dopemu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Ga yadda aka yi. Na gaya masa zan kawo bakanike, ya yi dariya ya ce da ban kawo ba ma da ya raina ni. Mun sa lambar a intanet, hotonta ya fito: duka ne a baya, ba ruwa ba, kuma shi da kansa ya riga ya faɗa min haka kafin mu duba. Indomi na nan. Takardu sun cika. Tayoyin baya 2 sun suɗe, shokozoba ɗaya na yoyo. Wato dai mota lafiyarta ƙalau, ban samu hujjar da zan fake da ita ba.

Sai na ce bari in shigar da ita gidana in gani. A kan kwalbatin ƙofar gidan cikinta ya daki siminti, ƙarar har cikin haƙorina. Layinmu kuma akwai tudun rage gudu guda 4 kafin a fita babban titi, kowanne sai na karkace na hau a gicce kamar mai satar hanya. Uwargida tana tsaye tana kallo, ba ta ce komai ba, ta dai turo yaran uku suka jeru a jikin ƙofar motar.

Na ba shi haƙuri na ce ba zan iya rabuwa da Corolla ba. Bai ji komai ba. Daren Alhamis ni na kai su filin jirgin Murtala Muhammed, akwatuna 6, but ya cika har da kan cinya, shi da kansa ya ce da a tasa ce sai an yi sawu uku.

Motar dai ba a sayar ba. Tana nan a lulluɓe a harabar gidansa, makulli na hannun ƙaninsa, kuma jiya ya turo min saƙo daga can cewa ya ƙara ragewa, in ina so in biya cikin wata 6. Ta tagar ɗakina nake hangenta. Oga Bakaniken Mushin, tayoyin bayan nan guda 2 da shokozoba, nawa za su ci a Ladipo? Tambaya kawai nake yi.

Maman Khalifa:
A ba ni lambar uwargidan Malam Na Dopemu.