Ina son sake wa ƙaramin babur ɗina fenti da gwangwanin feshi, amma gwajin farko ya lalace

Mai Jan Babur ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da wani ƙaramin babur da ya daɗe a hannuna, injinsa lafiya lau yake, sai dai rana ta cinye jan launinsa, kuma tsatsa ta fara ɓullowa a ƙasan tanki da bakin murfin tayar baya. Na ƙudurta in sake masa fenti da kaina a gida, da irin fentin nan na gwangwani da ake fesawa, domin ba ni da injin feshi, kuma ina son in koyi aikin da hannuna.

Kafin in taɓa tankin sai na gwada a kan murfin gefe guda ɗaya, wanda na roba ne. Na wanke shi da ruwa da sabulu, ya bushe, na fesa masa fenti sau biyu da yamma, washegari da safe na ƙara na uku domin ya ƙara sheƙi. Ba a yi minti goma ba fentin ya tattare, ya yamutse kamar fatar yatsan da ya daɗe a cikin ruwa, da na sa farce a gefensa kuwa sai ya ɗago gaba ɗaya kamar leda. A wani ɓangaren kuma akwai 'yan ƙananan ramuka zagayayyu inda fentin ya ƙi zama. Ina roƙon masu sanin wannan aiki su nuna mini inda na yi kuskure. Sannan ina son sanin ko wajibi ne in kankare tsohon fentin tankin har sai ƙarfe ya fito, da kuma gaskiyar abin da na ji cewa fetur yana narkar da fentin gwangwani.

Tsohon Mai Fenti ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka yi dabara da ka fara da murfin gefe, domin abubuwa uku da ka gani a jikinsa kowanne da dalilinsa daban, kuma da a kan tanki suka faru da aikin gyaransu ya ninka.

Ɗagowar fentin kamar leda alama ce ta cewa bai sami abin kamawa ba. Ba ka ambaci sanfefa ba, ga shi kuma murfin na roba ne. Ka juya shi ka duba cikinsa, galibi za ka ga an buga wasu haruffa da ke nuna irin robar. Idan ka ga ABS, wannan tana karɓar fenti ba tare da wahala ba muddin an goge ta. Idan kuwa PP ka gani, to fenti ba ya manne mata sai an fara fesa mata wani siririn ruwa marar launi da aka yi musamman domin roba, shi ma a gwangwani yake zuwa. 'Yan ramukan nan kuma maiƙo ne ya jawo su, ko ragowar man goge jiki mai silikon da aka taɓa shafa wa babur ɗin a baya, kuma sabulu kaɗai ba ya fitar da shi. Akwai ruwan cire maiƙo da masu fenti ke amfani da shi. Ka shafa da tsumma ɗaya, ka goge da wani busasshe tun bai bushe ba, daga nan kada ka sake taɓa wurin da hannu sai da safar hannu, domin ko maiƙon yatsa yana iya ɓata aiki.

Yamutsewar ita ce ta fi rikita masu koyo. Fentin da ka fesa da yamma samansa ya bushe, amma ƙarƙashinsa da sauran laushi, sai ruwan tina, wato sinadarin da ke tsinka fenti, da ke cikin sabon feshin ya ratsa ya kumbura shi, saman da ya riga ya ƙame ya rasa inda zai je sai ya tattare. Shi ya sa da yawa daga cikin irin waɗannan gwangwanaye ake rubuta musu cewa a ƙara feshi cikin awa ɗaya, in ba haka ba a jira sai bayan awa 48. Kai kuma ka faɗa tsakiya. Ka karanta jikin gwangwaninka, lokacin da aka rubuta a can shi za ka bi. Haka nan ina ba ka shawarar ka sayi firaima (fentin shimfiɗa da ake fara fesawa) da launi da na ƙarshe marar launi mai sheƙi duk na kamfani ɗaya kuma iri ɗaya, domin fenti mai ƙarfin tina yana cinye wanda ke ƙarƙashinsa idan ba jinsinsu ɗaya ba.

Game da tanki, ba sai ka kankare shi duka ba. Duk inda tsohon fentin kamfani yake a manne, bai fashe ba, bai kumbura ba, to ya fi duk wata shimfiɗa da za ka yi da gwangwani; ka dai kashe masa sheƙi da sanfefa mai lamba 400 har ya zama babu inda yake ƙyalli. Inda tsatsa take kuwa sai ka sauka har kan farin ƙarfe da mai lamba 80 ko 120 (ƙaramar lamba ta fi kaushi), ka bi da 180, ka kwantar da bakin tsohon fentin yadda idan ka rufe ido ka shafa ba za ka ji tudu ba. Kada ka yi wa tsatsa sassauci, ko ɗigo ɗaya ka bari a cikin rami zai ci gaba da ci a ɓoye ya ɗago maka fenti daga baya. Tsiraicin ƙarfe yana buƙatar firaima irin wadda aka yi domin kama ƙarfe, a fesa ta a ranar da aka goge, kafin danshin iska ya sake taɓa shi. Bayan ta sai firaima mai kauri da ke cike zanen sanfefa. Idan ta bushe ka ɗan yayyafa baƙin fenti sama-sama, ka goge da mai lamba 600 da ruwa. Duk inda baƙin ya rage, wurin ya lotsa ne, sai ka ƙara cikewa. A gaskiya wannan mataki shi ne aikin, kwana uku ko huɗu za ka iya yi a kansa, feshin launi kuwa bai wuce na awa ɗaya ba.

Idan ka zo feshi, ka girgiza gwangwanin minti biyu cur bayan ka fara jin ƙarar ƙwallon da ke ciki. Ka riƙe shi da tazarar santimita 20 zuwa 25, ka danna tun kafin ka iso kan kayan, ka saki bayan ka wuce shi, kowane layi ya rufe rabin wanda ya gabace shi. Feshin farko ya kasance siriri har ana hango firaimar, ka jira kamar minti goma, sannan ka yi biyu ko uku masu ɗan jiƙa. Ka yi aikin a inuwa inda iska ke wucewa, ka yayyafa ruwa a ƙasa domin ƙura ta kwanta. Cikin zafin rana fentin yana bushewa tun a iska ya sauka da kaushi kamar ɓawon lemo, cikin danshi mai yawa kuma sai ya yi fari-fari. Idan ya zuba ya yi hawaye kada ka taɓa shi, ka bari ya bushe sosai ka goge da sanfefa.

Bakanike ya amsa:

Malam ya gama magana a kan fenti, ni ta ɓangaren babur ɗin zan ƙara. Ka kwance tanki da murafu ka rataye su daban, kada ka yi feshi suna jikin babur. Ka juye fetur ɗin tas, ka bar tankin a buɗe a waje ya sha iska, kuma kada ka kusanto shi da injin gurza ƙarfe ko wani abu mai tartsatsi ko zafi, domin tankin da babu mai a cikinsa amma cike yake da tururin fetur ya fi cikakke haɗarin fashewa. Da hannu za ka goge shi. Ka rufe lambar jikin babur da ta inji da tef, haka ma zaren ƙusoshi, da wuraren da wayar lantarki ke haɗuwa da ƙarfe, da duk abin da ya shafi birki. Salansa kuma fentinta daban ne, akwai wanda aka yi domin jure zafi, na jiki ƙonewa zai yi tun a tafiyar farko. In har za ka canza launi gaba ɗaya, ka tuna cewa a ƙasashe da yawa ana rubuta launin abin hawa a takardunsa.

Abin da ka ji game da fetur gaskiya ne, na sha gani. Fentin gwangwani na yau da kullum bushewa kawai yake yi idan tinarsa ta tashi, saboda haka fetur na iya sake tausasa shi. Wanda ba ya jin fetur shi ne marar launin nan mai sheƙi da ake kira 2K, wanda ake haɗawa da sinadarin da ke ƙamar da shi. Yanzu ana samun sa a gwangwani mai maɓalli a gindi. Idan ka danna, sinadarin ya gauraya, sai ka yi amfani da shi cikin kwana ɗaya zuwa biyu kafin ya daskare a ciki. Ni dai a kan tanki ba na ba kowa shawarar wani abu in ba shi ba.

Ma'aikaciyar Lafiya ta amsa:

Ina neman afuwar Malam Bakanike, amma ba zan iya wuce wannan shawara ba tare da na ƙara mata gargaɗi ba. Sinadarin da ke ƙamar da 2K yana ɗauke da abin da ake kira aisosayanet, kuma yana cikin manyan abubuwan da ke jawo wa masu fentin mota ciwon asma. Illarsa ita ce jiki yana iya ƙin sa gaba ɗaya, ta yadda daga baya ko kaɗan mutum ya shaƙa sai numfashinsa ya sarƙe, kuma warinsa ba ya isa ya faɗakar da mutum kafin ya cutu. Takunkumin takarda ko tsumma a hanci ba ya tare shi ko kaɗan. Masu sana'ar da ke kiyaye ƙa'ida suna sa takunkumin da ake turo masa iska mai tsabta ta bututu. Mafi ƙarancin abin da mai yi a gida zai nema shi ne takunkumi mai sababbin matatai na tururin sinadari, wanda ya kama fuska babu kafa, da tabarau, da safar hannu, da riga mai dogon hannu, a fili, nesa da yara da tagogin ɗakuna. Duk mai asma ko wata matsalar ƙirji, ina roƙonsa ya bar wannan fenti kwata-kwata. Ko na yau da kullum ɗin ma ba a fesa shi a rufaffen ɗaki.

Mai Jan Babur ya sake rubutawa:

Na gode muku ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba cikin murfin, PP aka rubuta, kuma jikin gwangwanin ya faɗi maganar awa 48 ɗin nan, ni ne ban karanta ba. Sai dai maganar Malama ta tsaya mini a rai, domin ina da ƙananan yara a gida kuma filin da zan yi aikin ba shi da girma. Malam Mai Fenti, akwai hanyar da zan kare tankin ba tare da na fesa 2K da kaina ba?

Tsohon Mai Fenti ya amsa:

Akwai, ɗan'uwa, kuma a halin da ka bayyana ita zan zaɓa maka. Murafun roba da na tayoyi ba sa haɗuwa da fetur, saboda haka ka gama su a gida da marar launi na yau da kullum. Tankin kaɗai za ka kai wa mai fentin mota ya yi masa na ƙarshe a wurin aikinsa. Amma ka je ku yi magana tun kafin ka sayi launi, ka nuna masa gwangwanin da kake nufin saya, domin ba kowane fenti ke ɗaukar 2K a kansa ba, wani yamutsewa zai yi kamar yadda murfinka ya yi. Ku kuma tsayar da rana, saboda launin da aka yi domin a rufe shi da marar launi ba ya son ya wuce kwana ɗaya a buɗe.

Idan hakan bai samu ba, ka yi na yau da kullum, ka ba tankin makonni biyu zuwa uku kafin ka zuba masa mai, ka kuma riƙa ajiye tsumma domin goge duk ɗigon da ya zuba nan take. Wajen sa tef a bakin tanki, ka tsayar da fentin ɗan nesa da inda murfin bakin tankin ke zama, domin ta bakin fenti fetur ke shiga ƙarƙashi ya ɗago shi. Wancan murfin da ya lalace kuma ka bar shi ya bushe mako guda, ka goge shi tas, ka sake bin matakan a kansa daga ruwan kama roba har zuwa na ƙarshe. Idan ya kwana uku ka manna masa tef a wani lungu ka fizge. In fentin bai biyo tef ɗin ba, sai ka kwance tankin.