Tambayar as (ace) bayan Stayman a wasan karta na bridge

Salam. Abokin wasana ya buɗe da 1NT (NT wato no trump, wasa ba tare da nau'in katin da ke cin sauran ba), mai nuna maki 15 zuwa 17. Ina da maki 17 da ♥ huɗu, sai na kira 2♣, wato Stayman, kiran da ke tambayar ko yana da ♥ ko ♠ huɗu, ya amsa 2♥. Na ce 4NT, nufina Blackwood, in ji as nawa gare shi. Shi kuwa ya ɗauka gayyatar 6NT ce, da yake makinsa 15, ya yi fas. Muka tsaya a nan, alhali 6♥ na ciwuwa!

Daga baya mun gwada 4♣, wato Gerber, wanda shi ma tambayar as ne. Kai tsaye bayan 1NT lafiya lau, amma bayan Stayman sai ya ɗauka ina nuna ƙarancin ♣ ne.

Don Allah, bayan 2♥ ɗin nan, wane kira ne zai tabbatar da ♥ a matsayin trump ya kuma tambayi as?