Ranar da labarin ɗan Superman ya fito, ya kuka kwashe?

Mai buɗe zance: Salam 'yan uwa masu karanta komik. Jiya ina goge hotuna a waya na ci karo da hoton nan na 2021, wanda ɗan Superman ke sumbatar wani saurayi, sai na tuna ƙurar da ta tashi. Ni a guruf ɗin WhatsApp na gidanmu na fara gani, yayana ne ya turo ya ce to ga gwanin naka nan. Na yi bayani har na gaji cewa ba Clark Kent, wato Superman ɗin kansa, ba ne, ɗansa ne Jon Kent da suka haifa da Lois Lane, shi a 2015 ma aka ƙirƙiro shi, Clark na nan da matarsa, amma ina, ba mai saurare na. Don Allah kowa ya faɗi abin da ya faru da shi, ba wanda ya ji a bakin wani ba.

Uwar yara uku: Ni ban taɓa buɗe komik ba wallahi, amma abin ya shafe ni. Riga mai tambarin S ɗin nan na saya wa autana a gwanjo, yaro ya ɗauki son duniya ya ɗora mata, da ita yake kwana, sai a kwanciyar barcinsa nake samu in cire in wanke. Baban ya dawo daga majalisa ya ce kar ya sake ganinta a jikinsa, ƙarshe dai tsumman goge mashin ta zama. Yaron ya yi kuka kwana biyu, har yau bai san laifin rigar ba.

Tsohon hannu: Hajiya sai haƙuri. Ni na Jon bai dame ni ba sosai don sabon yaro ne, na Tim Drake ne ya tsaya min a rai. Robin na uku, wato mataimakin Batman, tun 1989 yake, na bi shi tun zamanin da muke biyan kuɗin awa a kafe mu sauke shafi-shafi, na san soyayyarsa da Stephanie Brown shekara da shekaru, kawai a Agustan 2021 cikin Batman: Urban Legends na 6 wani tsohon abokinsa Bernard ya nemi su fita tare ya amsa. Na ajiye wayar na yi shiru, ji na yi kamar mutumin da ka sani tun yarinta aka ce maka ashe ba ka san shi ba. Haka suka yi wa Iceman a 2015, mutum tun 1963 yana ƙungiyar jarumai ta X-Men, wai abokiyar aikinsa Jean Grey ce ta leƙa zuciyarsa ta faɗa masa shi mai neman maza ne. Amma ku duba Northstar, shi ma jarumin komik ne, tun 1992 aka bayyana nasa, ban taɓa jin an yaudare ni ba don a haka na same shi, in na ga dama in karanta in ban ga dama ba in wuce.

Ɗalibi a Ingila: Yaya ni ina can lokacin. Akwai shagon komik da nake leƙawa duk Laraba, ranar da ake kawo sababbi, da Superman: Son of Kal-El na 5, wanda hoton sumbar ke ciki, ya fito a Nuwamba kafin in zo ya ƙare, mai shagon ya ce min har waɗanda bai taɓa gani ba sun zo saya, wasu don su ajiye ya yi tsada. A gabana wani dattijo da wani matashi suka yi ta musu, dattijon na cewa neman kasuwa ce kawai, matashin ya ce shi tun yana ƙarami yake karanta Tim Drake kuma bai ji an canza masa komai ba, a nan ne ma ya ga irinsa. Ni dai na san matsayin addinina ban sa baki ba, amma na gane su ma can kansu a rabe yake. Dean Cain da ya fito a Superman a talabijin ya soki abin, a Brazil kuwa wani ɗan wasan kwallon raga Maurício Souza har kulob ɗinsa ya sallame shi kan abin da ya rubuta.

Mai son Damian: Ku kuna maganar 2021, ni tun kafin nan na yi fushi na daina. Jon ɗan shekara 10 ne a Super Sons, shi da Damian ɗan Batman suna faɗa suna shiryawa, daɗi kamar me, sai marubuci Bendis ya tura shi sararin samaniya ya dawo ɗan 17. A nan aka ƙwace min shi. Kuma masu yaɗa cewa an kori labarin Son of Kal-El, a na 18 ya tsaya ƙarshen 2022 amma marubucinsa Tom Taylor ɗin dai ya ci gaba da rubuta Jon a wani sabon jeri.

Mai buɗe zance: Hajiya to yanzu me autan yake sawa?

Uwar yara uku: Ta Spider-Man aka sayo masa. Don Allah in akwai wani labari a kansa kar wanda ya tura wa babansu.