Ina so in sauya furannin roba da tsirrai masu rai, amma ina tsoron kashe kifayena

Sabon Shiga:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema. Ina da tankin gilashi mai cin lita 60, wata takwas ke nan da kafa shi. Ƙananan kifayen ado ne a ciki, gufi shida da tetira takwas, ƙasan tsakuwa ce, sai furannin roba huɗu da duk sun koɗe. Kowane sati sai na tsamo su na goge gansakuka da tsohon buroshin haƙori, na gaji. Kwanaki na ci karo da hotunan tankunan Takashi Amano, ɗan Japan ɗin nan mai ƙawata tankunan kifi da tsirrai da ya rasu a 2015, tun daga ranar tankina ya fita daga raina.

Ga shirina: ranar Asabar in kwashe kifin a bokiti, in zubar da ruwan duka, in fid da tsakuwar, in wanke filta fes, in zuba ƙasar nan mai taki da ake sayarwa don tsirran ruwa, in dasa, in mayar da kifin da yamma. Akwai matsala? Kuma dole sai na sayi tukunyar CO2, iskar da tsirrai ke shaƙa don girma?

Baban Tetira:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, don Allah ka dakata da shirin Asabar ɗin nan. Abin da ya raya kifinka wata takwas ba ka ganinsa da ido. Bakteriya ce da ke zaune a cikin soson filta da jikin tsakuwa. Kashin kifi da ragowar abinci suna zama amoniya, wadda guba ce. Bakteriyar nan ke mayar da ita naitirait, shi ma guba, sannan ta mayar da shi naitiret, wanda kifi ke iya jurewa, tsirrai kuma su sha a matsayin taki. Kafin wannan runduna ta kafu a sabon tanki akan ɗauki sati huɗu zuwa shida. In ka zubar da tsakuwa, ka kuma wanke filta da ruwan famfo mai kulorin duk a yini ɗaya, ka sallami ma'aikatanka gaba ɗaya, ka bar kifi cikin ƙazantarsu.

Filta, in ta toshe, a cikin ruwan da ka ɗebo daga tankin ake matse sosonta, sau biyu ko uku, a mayar. Launin ƙasa-ƙasan da ke jikinta ba dauɗar da za ka yaƙa ba ce.

Ummu Gufi:
Ni ganau ce ba jiyau ba. Irin shirinka na yi sak, har da sabuwar ƙasar. Ba wanda ya gaya min cewa wasu nau'o'inta suna fitar da amoniya a makonnin farko. Kwana uku da mayar da kifin, na tashi da asuba na tarar da su a saman ruwa suna haki, baki a buɗe, biyu kuma sun kwanta a gindin dutse. Na rasa biyar kafin na gane abin da ke faruwa. Ɗan'uwa, bar tsakuwarka a inda take.

Mai Lambun Ruwa:
Hajiya, Allah ya mayar da alheri, amma kada mu ɗora wa ƙasar laifin gaggawa. Ni da ita nake amfani, kuma tsirran da ke ci ta saiwa ba abin da ya fi musu ita. Sharaɗinta dai a ajiye kifi a wani wuri da filtarsu tana aiki, a riƙa sauya rabin ruwan sabon tankin a kai a kai, a gwada, sai amoniya da naitirait sun nuna sifili kafin kifi su shiga. In yana da haƙurin sati uku ko huɗu da wurin ajiye kifin, bismillah.

Sabon Shiga:
Gaskiya ba ni da wani tankin, bokiti kawai gare ni. Amma tsiro zai rayu a tsakuwa zalla?

Baban Tetira:
To magana ta ƙare, bokiti ba gidan wata guda ba ne. Zai rayu mana, in ka zaɓi masu sauƙin kai. Fara da Anubias da Microsorum, wanda masu sayarwa ke kira Java fern. Waɗannan ba ruwansu da ƙasa ma. Suna da wani kara mai kauri a kwance, ganye na fitowa ta samansa, saiwa ta ƙasansa. Wannan karan ba a binne shi, in ka binne ruɓewa zai yi. Ɗaure shi za ka yi da zare a jikin dutse ko icen tanki, ko ka ɗiga masa sufa gulu kaɗan, bayan 'yan makonni saiwar ta kama da kanta.

A baya, jikin gilashi, sa Vallisneria, mai dogayen ganye kamar ciyawa. In ta ji daɗin wuri, ita za ta riƙa miƙa jijiya a ƙarƙashin tsakuwa tana haifar 'ya'ya har sai ka fara cirewa. A tsakiya kuma Cryptocoryne. Su biyun nan ta saiwa suke ci, don haka ka tura ƙwayar taki ta binnewa a gindinsu, ka sabunta bayan kamar wata uku. Tsakuwar ta kai zurfin santimita 5 zuwa 7. In ba ta kai ba, wanke sabuwa ka ƙara a kai.

Duk wannan kana iya yinsa kifi na ciki. Rage ruwan zuwa rabi, ka dasa, ka cika.

Batun CO2, manta da shi yanzu. Hotunan da suka hana ka barci, masu shimfiɗar ciyawa kamar darduma, su ke buƙatarsa. Tsirran da na lissafa abin da ke cikin ruwan ya ishe su, sai dai girmansu a hankali ne. Anubias ma ganye ɗaya a 'yan makonni, in ka gani ka gode.

Ummu Gufi:
Ba ka faɗi awa nawa fitilarka ke ci ba. Na rantse amsar gansakukarka tana nan.

Sabon Shiga:
Hajiya kin kama ni. Daga bakwai na safe har sai zan kwanta, kusan awa 15. Ni a zatona in tsirrai sun zo ma ƙara musu zan yi.

Ummu Gufi:
Tabɗi! Gansakuka kake noma ashe. Mayar da ita awa 6, in komai ya daidaita ka kai 8. Nemi 'yar na'urar da ke kunnawa da kashewa da kanta, don mutum mantuwa gare shi. Kada hasken rana ya faɗo wa gilashin kai tsaye. Sabon tsiro bai kama ba balle ya ci abinci, duk hasken da ya yi masa yawa gansakuka ce ke morar sa. Ka kuma sa wani abu mai yawo a saman ruwa, ko kainuwa ce 'yar ƙarama, tana zuƙe naitiret da sauri. Kada dai ka bari ta rufe sama duka, na ƙasa su rasa haske.

Mai Lambun Ruwa:
Ƙari biyu. Ba duk abin da ka gani a nutse a tankin mai sayarwa ne tsiron ruwa ba. Dracaena, misali, na tudu ne, in ganyensa ya daɗe a nutse ruɓewa yake yi. Tambayi suna kafin ka biya. Sannan ka duba bayan ganye, in ka ga wani abu mai yauƙi kamar majina da ɗigo-ɗigo a ciki, ƙwan dodon koɗi ne, ka kankare. Tunda ba kifin gwal gare ka ba, ka huta da masu tone saiwa.

Sabon Shiga:
'Yan'uwa na dawo, yau kwana 12 da dasawa. Ban taɓa filta ba, kifi duk lafiya, jiya ma na ga 'ya'yan gufi uku sun ɓuya a cikin saiwar kainuwa. Amma Cryptocoryne ɗin ta narke. Ganyen ya yi laushi kamar an dafa, ina taɓawa yana bajewa a yatsa. In tumɓuke?

Baban Tetira:
Kul! Halinta ne in an sauya mata ruwa. Yawancinsu ma a gona ganyensu a waje yake da ruwa, sai sun zubar da shi su fito da na nutso. Yanke ruɓaɓɓen, ka zuƙe tarkacen lokacin sauya ruwa, kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan a sati. Sa yatsa a hankali ka taɓa gindin. In da tauri, tana nan da ranta, ka ba ta sati uku.

Sabon Shiga:
Na taɓa Yaya, da tauri. Har na ga wani ɗan tsinin kore a gefe, bai kai ƙwayar shinkafa ba.