Munafukai Ne Ko Masu Raba Ƙafa? Muhawara Kan Yaƙin Ƙasidu a Ingila

Ɗan Tarihi: Jama'a, yau raina a ɓace yake. Wata uku na yi ina haɗa takarda kan yaƙin ƙasidu da aka gwabza a Ingila daga 1697 zuwa 1711, game da Furotestan da suka ƙi bin Cocin Ingila. Ko minti goma ban yi ina gabatarwa ba, wani malami ya katse ni ya ce, "Wannan ai rigimar Turawa ce, ina ruwanmu?" Da ya mayar mini da takardar, shafin farko kaɗai ke da jan biro. Sauran shafuka goma sha takwas ko lanƙwasa ba su yi ba. To tunda can an hana ni, bari in faɗa a nan. Dokar 1661 da ta 1673 sun ce ba mai riƙe muƙamin gari ko na gwamnati sai ya karɓi Jibin Ubangiji a Cocin Ingila. Dokar sassauci ta 1689 ta bar waɗanda suka ware su yi sujada a ɗakunansu, amma ƙofar ofis tana nan a rufe. Sai waɗansu munafukai daga cikinsu suka samo dabara: su je cocin gwamnati sau ɗaya, su karɓi gurasa da ruwan inabi, limamin cocin ya sa musu hannu a takardar shaida, su kama aiki, Lahadi mai zuwa su koma wurin fastonsu. Abin da nake cewa shi ne, tun da dokar tace littattafai ta mutu a 1695, maɗaba'a ce ta riƙe linzamin wannan rigima, ba majalisa ba. Abin da aka dafa a ƙasidun 'yan kwabbai da gidajen shan gahawa na Landan, shi majalisa take zubawa a akushi. Wa ke da ja?

Jikan Mai Bishara: Ni ke da ja. Wa kake kira munafukai? Ka janye wannan kalma tukuna.

Ɗan Tarihi: Yaya, ba a nan maganata take ba. Kan maɗaba'a nake magana.

Jikan Mai Bishara: A nan take. Ka san abin da mutanen nan suka sha kafin su kai ga haka? Ranar 24 ga Agusta 1662 aka rufe wa fastoci ƙofa, kusan dubu biyu suka rasa cocinsu da gidansu da albashinsu don sun ƙi amincewa da duk abin da ke cikin littafin addu'a na gwamnati. A 1664 aka hana taron ibada a wajen Cocin Ingila da ya kai mutum biyar ban da iyalin gida. A 1665 aka hana korarren fasto kusantar garin da ya yi aiki da mil biyar. An ɗaure mutum hannu da ƙafa shekara da shekaru, ya sami ɗan ramin da zai shaƙi iska, kai kana zaune a Najeriya bayan shekara ɗari uku kana ce masa munafuki?

Baban Wusasa: Ɗana, kada ka janye komai. Kalmar ta zauna daram. Teburin Ubangiji ba teburin ɗaukar ma'aikata ba ne. Mutumin da ya ce lamirinsa ya hana shi durƙusawa a cocinmu Lahadi hamsin da ɗaya, sai ranar da aka ce ga kujerar magajin gari lamirin ya yi barci, me za a kira shi? Kuma ba mu muka fara faɗa ba. Marubuci Daniel Defoe nasu ne, a gidan Firesbiteriyan ya tashi. A 1698 ya fitar da ƙasida a kansu, ya ce ɓuya suke yi da Allah kamar wasan yara, ya jefe su da maganar Annabi Iliya: in Ubangiji ne Allah ku bi shi, in kuwa Ba'al ne ku bi shi. Taura biyu ba ta taunuwa.

Malamin Islamiyya: Ku yi mini izini in sa baki, ko da yake ba gidana ba ne. Kalmar dai tamu ce duka, kuma tana da nauyi. Munafuki shi ne mai bayyana imani yana ɓoye akasinsa a zuci. To me mutanen nan suka ɓoye? Na karanta labarin Humphrey Edwin, magajin garin Landan a 1697. Da rana tsaka ya tafi ɗakin ibadar waɗanda suka ware, sanye da alkyabbar mulki, ana riƙe da takobin birni a gabansa. Wanda ya tafi da takobi da 'yan rakiya bai ɓoye komai ba. Ku ce masa mai kwaɗayi, ku ce mai raba ƙafa, amma munafunci wani abu ne daban.

Baban Wusasa: Malam, da girmanka. Ai abin da ya ɓoye yana zuciyarsa lokacin da ya miƙa hannu ya karɓi gurasar. Takobin na waje ne.

Malamin Islamiyya: Baba, wa ya tsaga zuciyar ya duba?

Na Maraɗi: Ku mutanen Najeriya komai sai Ingila. Ku leƙa Faransa ku ga abin da ake kira tsanani. A 1685 Sarki Lui na 14 ya soke dokar Nantes da ta ba Furotestan 'yancin ibada, aka rushe majami'un Furotestan, aka zuba sojoji su kwana a gidajen mutane suna ci suna ɓarna har sai mai gida ya sa hannu ya bar addininsa. Wajen mutum dubu ɗari biyu suka tsere. Naku na Ingila da ake ce musu ku ci gurasa sau ɗaya ku zama magajin gari, ai gata aka yi musu.

Jikan Mai Bishara: Gata? Je ka faɗa wa John Bunyan, mai gyaran tukwanen ƙarfe, da ya yi shekara goma sha biyu a kurkukun Bedford don ya ƙi daina wa'azi. Mu Baptis mun san abin da kakanninmu na bangaskiya suka biya.

Uwar Tagwaye: Ɗan'uwa, yi a hankali da cewa "mu Baptis" a kan Bunyan. A 1673 ya buga littafi yana cewa bambancin ra'ayi kan baftismar ruwa bai isa ya hana mutum Jibin Ubangiji ba, kuma Baptis masu tsauri na Landan ne suka yi masa ca a rubuce. Ko tsakaninsu ba su bar juna ba.

Jikan Mai Bishara: Anti, wannan maganar cikin gida ce.

Uwar Tagwaye: Maganar cikin gida da aka buga a maɗaba'a aka sayar a kasuwa?

Ɗan Tarihi: Yauwa Anti! Abin da nake faɗa ke nan tun ɗazu, maɗaba'a ce. Ku duba yadda aka yi a 1701: Defoe ya sake buga ƙasidar nan da gabatarwa, ya ambaci Fasto John Howe da suna, don sabon magajin gari Thomas Abney ɗan ikkilisiyarsa ne. Dole dattijon ya ɗauki alƙalami ya ba da amsa a bainar jama'a. Wace majalisa ce ta tilasta masa?

Baban Wusasa: Ka ga ko? Ko faston nasu sai da aka tsare shi da tambaya. In babu rami me ya kawo maganar rami?

Jikan Mai Bishara: Baba, tunda Littafi kake ja, mu ja Littafi. Na'aman ya roƙi Elisha gafara don zai riƙa shiga haikalin gunkin Rimmon da maigidansa yana sunkuyawa, Elisha ya ce masa ya sauka lafiya. Bulus ya yi wa Timoti kaciya saboda Yahudawa. Su ma munafukai ne? Fasto Richard Baxter, wanda aka yi wa tayin kujerar bishop ta Hereford a 1660 ya ƙi, yakan je cocin unguwa ya karɓi Jibi don nuna cewa bai yanke zumunci da sauran masu bi ba. Wane muƙami yake nema? Wanda ya ƙi bishop zai yi kwaɗayin kansila?

Baban Wusasa: Baxter ɗaya ne. 'Yan kasuwar Landan da suka cika majalisar birni fa?

Jikan Mai Bishara: Ku dai Angilikan har gobe haka kuke. Kun saba da inuwar gwamna, shi ya sa kuke ganin duk wanda ke waje ɗan tawaye ne.

Baban Wusasa: Yaro, iya bakinka. Wace inuwar gwamna? Ka tambayi manya yadda Turawan mulki suka taka wa mishan birki a ƙasashen sarakuna, da yadda aka fitar da mu daga cikin birnin Zariya muka koma Wusasa. Ba ka san komai ba sai abin da ka gani a waya.

Jikan Mai Bishara: Ni ba yaro ba ne, 'ya'yana huɗu.

Uwar Tagwaye: Don Allah ku tsaya. Duk maza kuke ta lissafawa. A 1703 Fasto James Owen ya rubuta kāriya ga masu zuwa coci jefi-jefi, ya ce sassauci halin kirki ne. A 1704 mace ce, Mary Astell, ta mayar masa da martani mai tsawo, kuma tana gefen Cocin Ingila ne, gefen Baba. Ni ban yarda da matsayinta ba, amma ina jinjina mata. Mace a wancan zamani ta shiga filin da limamai da 'yan siyasa ke sara da suka, ta kuma taɓa Defoe kansa a wata ƙasidar. Ba wanda ya ambace ta a cikinku.

Na Maraɗi: Shi Defoe ɗin da Baba ke kafa hujja da shi, ba shi aka sa a turu ba?

Ɗan Tarihi: Shi ne, amma kan wata ƙasidar daban. A 1702 Sarki William ya mutu, Sarauniya Anne ta hau, masu tsaurin coci suka samu iska. Henry Sacheverell, wani limamin Cocin Ingila, ya yi wa'azi a Oxford yana cewa a ɗaga jar tuta a kan waɗanda suka ware. A Disamba Defoe ya fitar da ƙasida ba suna, ya ari bakin masu tsaurin, ya ce hanya mafi gajarta ita ce a rataye fastocin a kori mabiyansu daga ƙasa. Da farko waɗansu masu tsaurin suka yi na'am, su kuma waɗanda suka ware suka firgita. Da aka gane shaguɓe ne, majalisa ta sa aka ƙone ƙasidar, aka sa ladan fam 50 ga wanda ya tona inda yake. An kama shi a Mayun 1703, ya tsaya a turu kwana uku a jere, 29 da 30 da 31 ga Yuli, ya koma kurkukun Newgate, masana'antarsa ta bulo a Tilbury ta durƙushe. Ƙasida guda ta girgiza gwamnati. Wannan fa ita ce hujjata!

Malamin Islamiyya: Gyara kaɗan. Turu a ƙafa ake sa shi, gungume ne mai rami. Na ga hoton nasu, katako ne a tsaye, wuya da hannuwa ake zurawa, mutum yana tsaye a dandamali jama'a na jifa. Ba turu ba ne.

Na Maraɗi: A wurinmu duk itacen da ya riƙe mutum turu ne.

Malamin Islamiyya: To mari fa? Shi ma turu ne?

Na Maraɗi: Mari ƙarfe ne, Malam. Kada ka koya mini Hausa, a Katsinar Maraɗi aka yanke mini cibiya.

Jikan Mai Bishara: Ku bar turu. Ga tambaya ga Baba. Mutumin da ya rubuta ƙasida da bakin abokan gabarsa, ya ɓoye sunansa, aka fito da shi daga kurkuku da taimakon babban ɗan siyasa Robert Harley ya koma yi masa aikin leƙen asiri, shi ne shaidarka kan munafunci? In akwai mai fuska biyu a labarin nan, ai shi ne.

Baban Wusasa: Ko ɓarawo ya ce maka gidanka na ci da wuta sai ka leƙa.

Ɗan Tarihi: Wallahi na gaji. Sau uku aka kawo ƙudurin hana wannan ɗabi'a, 1702 da 1703 da 1704, majalisar dattawa tana kashe shi. A Nuwamban 1709 Sacheverell ya yi wa'azi a majami'ar Saint Paul kan 'yan'uwan ƙarya, aka buga, aka sayar da kwafi wajen dubu ɗari. Da aka gurfanar da shi a 1710, 'yan zanga-zanga suka farfasa ɗakunan ibadar waɗanda suka ware a Landan, jam'iyyar Tori ta masu tsaurin coci ta lashe zaɓe, a 1711 dokar ta wuce da tarar fam 40. Wa'azin da aka buga ne ya juya ƙasa. Ko mutum ɗaya bai ce mini e ko a'a kan wannan ba.

Jikan Mai Bishara: Ka janye kalmar sai mu yi maganar maɗaba'a.

Ɗan Tarihi: Ba zan janye ba, kuma ba zan ƙara cewa komai ba.

Uwar Tagwaye: Ka turo mini takardar, ni zan karanta shafukan duka.

Baban Wusasa: Tunda dare ya yi, kuma ni ne babba a nan, bari in tattara. Ɗanmu ya kawo bincike mai kyau, ya kira mutanen nan da sunan da ya dace da su, kuma ba wanda ya iya ture shi. An kawo Na'aman da Baxter, amma an kasa musanta cewa ɗan gidansu Defoe ne ya fara tona musu asiri tun 1698. Malam ya yi bayanin kalmar ta fuskar addininsa, mun gode, sai dai bai shafi teburin Ubangiji ba. 'Yarmu ta tuna mana da Mary Astell, wadda ta tsaya wa Cocin Ingila da ilimi. Majalisa ma daga ƙarshe ta ga gaskiya a 1711. Wanda ya zagi Angilikan ina jiran ya ba da haƙuri.

Jikan Mai Bishara: Baba ya manta bai faɗa muku an soke dokar a 1719 ba, kuma a 1828 aka cire sharaɗin Jibin gaba ɗaya. Haƙuri kuwa sai an fara janye "munafukai".