Dillali ya ce ba sai an fitar da jirgin daga ruwa ba

Ɗan Obalende:
Assalamu alaikum. Canji nake yi a Broad Street a Legas, amma na daɗe ina bin wani Bature abokin cinikina zuwa Tarkwa Bay ranar Asabar a jirginsa mai tafiya da iska, har hannuna ya faɗa da jan igiya. Yanzu an kawo mini tallan wani na hannu, ƙafa 26, jikin faiba, da ɗan injin Yamaha a baya. Mai shi ya koma ƙasarsu ya bar wa dillali, yana ɗaure a Five Cowrie Creek. Na shiga, fenti fes, katifu sababbi. Da na ce a ɗaga shi a ga ƙasansa, sai dillalin ya ce asarar kuɗi ce, wai yana da nasa mai dubawa da zai rubuta mini takarda, ni dai in ajiye kafin alƙalami kafin Juma'a. In yarda?

Baba na Apapa:
Wa alaikumus salam. Ɗana, kada ka ba da ko sisi. A gyaran jiragen ruwa na tsufa, kuma ciwon jirgi a ƙarƙashin ruwa yake ɓuya. Faiba in ta daɗe a jiƙe takan sha ruwa ta yi bororo, ka fasa ɗaya ka ji wani tsami-tsami. Mai dubawa na ƙwarai zai bi jikin da 'yar guduma yana saurare, inda sautin ya mutu to ciki ya rabu. Sai ya sa na'urar auna danshi, musamman a daɓen sama, don galibi akwai katako a tsakiyarsa da ke ruɓewa. Ya duba notocin da ke riƙe da ƙarfen nauyin nan na ƙasa mai hana kifewa. Wayoyin da ke ɗaure da doguwar sandar da ake rataya ƙyallen kama iska a kanta kuwa, iskar gishirin Legas ba ta raga musu, in sun haura shekara 10 ka sa kuɗin sababbi a lissafi. Ƙyallen ma a shimfiɗa shi, ka karci zaren ɗinkin da farce. In ya tsinke, rana ta gama da shi. Katifa kuwa ai ko a Mushin an ɗinka maka.

Na Oko-Oba:
Alhaji, ni shanu na sani, amma dillanci ɗaya ne. La'adarsa ba ta fitowa sai ciniki ya faɗa, to ta yaya mutumin da ya kawo zai ce kayan na da aibi? Nemo naka, ka biya shi daga aljihunka. In za ka ajiye kuɗi, a rubuta da shaidu cewa za a mayar maka in dubawa ta nuna matsala.

Maman Hanifa:
Yallaɓai, ina takardu? Ka ga rajistar NIWA, hukumar hanyoyin ruwa ta tarayya, da sunan wa take, da shaidar kwastan ta shigo da shi, ka kuma leƙa ofishin LASWA, hukumar hanyoyin ruwa ta jihar Legas, a Falomo ka ji abin da suke buƙata. Mai jirgin ya yi maka magana da bakinsa ta bidiyo cewa shi ya wakilta dillalin. Tambayi masu wurin ɗaurewa ko suna bin sa bashi, kada ya dawo wuyanka.

Ɗan Obalende:
Allah ya saka da alheri. Na faɗa masa ni zan biya kuɗin ɗagawa, ya ce zai kira ni bayan la'asar. Baba, in ya amince, ko za ka daure ka raka ni?